Mun Yi Binne, Mu Goma Sha Ɗaya

Shekarun baya na rasa mahaifiyata sau biyu cikin shekara guda. Na farko Allah ne Ya karɓi abinsa. Na biyu kuwa ni na jawo, saboda rowar magana da ta yi mini yawa.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Tsafe. Ɓarayin daji suka tashe mu, kamar yadda suka tashi wasu. Na bar ƙanena a ƙarƙashin ƙasa, na fito da tabo a kafaɗa da tsohuwa a bayan babur. Iyakar abin da zan ce a kan wannan ke nan. Muka sauka Gusau, na kama ɗaki, na shiga aikin lodi a tasha, ɗaura buhu, sauke buhu. Da damina kuma wani bawan Allah ya ara mana gona a wajen Rawayya, ta ƙasar Bunguɗu, mu da wasu 'yan ƙauyenmu.

Tun da muka zo birni Inna ta daina magana. Za ta ci abinci, za ta yi salla, sai ta zauna bakin ƙofa tana kallon katangar maƙwabta kamar akwai wani abu a bayanta. Ni ma ba mai magana ba ne, sai ɗakin ya zama kamar na kurame biyu.

Ina da wani aboki mai gyaran waya a bakin tasha, yana kuma zuba wa direbobi waƙoƙi da wa'azi a memori. Shi ya buɗe mini shafi a dandalin nan da kowa yake. Ban yi boko ba, sai ya nuna mini inda zan danna in yi magana, waya ta rubuta. Ya ce abin ya dace da ni, tunda ko waya ba za ta gaji da kalmomina uku a wuni ba.

Wata ranar Juma'a da la'asar na dawo na iske Inna a mazauninta. Ban san abin da ya sa ba, na kunna waya tana ɗaukar murya, na ce, "Inna, raka ni gona." Ta dube ni. Na ce daga ƙofar gidanmu na can, ta kai ni har gona, ni na manta hanya. Ƙarya nake, ta kuma san ƙarya nake. Amma sai ta rufe ido.

"To, mun fito," in ji ta. "Ga ceɗiyar nan da ubanka ya dasa shekarar da anka haife ka. Kauce wa kwatar gidan liman."

Haka ta tafi da ni. Ta bi ta bakin rijiya, ta gaida matan da ta tarar suna jan ruwa, kowace da amsarta. Ta tsaya ta yi wa wani akuya tsawa. Ta ce iska na kaɗawa daga wajen dutse, yau za a yi ruwa. Ina zaune a ɗaki mai zafi a Gusau, ana ta hon a titi, amma wallahi ƙanshin ƙasar da ta sha yayyafi nake ji. Da ta buɗe ido sai ta ce in ba ta ruwa, tafiyar ta gajiyar da ita.

Na ɗora a shafi, ban sa ran komai ba. Kafin kwana biyu mutane suka cika wurin. Yawanci irinmu ne, waɗanda aka tasa daga garuruwansu. Wani ya ce rijiyarsu ce sak. Wata ta ce a tambayar mata tsohuwa ko ta ga mahaifinta a hanya. Daga nan duk Juma'a sai mun fita. Wata rana kasuwa, wata rana rafi, wata rana gidan biki da aka yi tun ban san kaina ba. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai "kai" ko "wanga". A haka dubban mutane suka san ni: Wanga.

Zan faɗi gaskiya, abin ya shiga kaina. Ni da ko gaisuwa sai ta zama dole, sai ga ni a saman mota, igiya a hannu ɗaya, waya a ɗaya, ina duba yatsu nawa aka ɗaga mini. Wayar ƙarama ce, ba ta da ciki. Duk wanda na ɗora sai in goge shi don in sami wurin na gaba. Abokina ya ce in bari ya kwafe mini. Na ce me za a kwafa, ga su can a ajiye? Na ɗauka shafin rumbuna ne.

A cikin tafiye-tafiyen nan akwai guda da ta fi sauran. Gonarmu ta gado ba ta da takarda. Iyakarta a bakin manya take, manyan kuma sun ƙare, daji ya cinye shingen. Na san gabas, na san kudu, amma arewa, inda muka haɗa da gonar maƙwabta, Inna kaɗai ta sani. Ranar nan ta zagaya da ni iyakar duka, itace bayan itace, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Da ta gama ta ce, "Ka riƙe wanga. Ran da kunka koma, shi za ka buɗe." Na ce na riƙe. Na ɗora, na goge.

Da rani ta rasu. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Ban yi kuka ba, na riga na ƙarar da nawa a wani wuri. Sai dai duk Juma'a da la'asar nakan shiga shafin in bi ta gona in dawo.

Da bazara ta kai, hadari ya fara leƙowa yana komawa, sai muka yanke shawarar yin binne. Wanda bai yi noma ba bai san wannan ba, kuma rashin sanin nan shi ya kashe ni. Binne shi ne ka shuka gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Mai sungumi na gaba yana sara rami, na baya na jefa iri yana rufewa da diddige. Irin zai kwanta a ƙasa yana jira. In ruwa ya zo da wuri ka riga kowa. In ya yi jinkiri, ko ya yi ɗan yayyafi ya ɗauke, ka yi asara. Inna ce ke son binne. Takan ce mai jiran ya ga ruwa da idonsa kullum a baya yake.

Muka yi gayya, mu goma sha ɗaya. Da rana ta take na ɗauki hoto: maza a jere sun sunkuya, ga ramuka a jar ƙasa, ga wani dattijonmu a gindin itace ya yi tagumi don gajiya. Na tuna wannan ne binne na farko ba ita. Na danna waya na ce: "Yau mun yi binne. Mu goma sha ɗaya. Allah Ya jiƙan Inna." Na sa waya a aljihu na koma kan sungumi. A gonar babu sabis sosai, ban sake dubawa ba.

Sai da motar da ta kwaso mu ta kusa Gusau wayar ta fara rawa a aljihuna kamar an saka mini kaza. Kira a kan kira. Wani na yi mini ta'aziyya, wani na tambayar wane gari ne aka shiga. Ashe wani mai babban shafi, can wani birni mai nisa, wanda mabiyansa sun fi mutanen ƙaramar hukumarmu yawa, ya ɗauki hotona ya rubuta cewa an binne mutum goma sha ɗaya a Bunguɗu. "Mu" ya zama "mutum". Dattijon da gajiya ta sa shi tagumi ya zama uban da aka kashe wa 'ya'ya. Wasu shafukan suka kwasa. Akwai matar da ta bar tukunya a wuta ta hau mota daga Kwatarkwashi don ta duba 'yarta da ke aure a Rawayya. Wannan har yau yana damuna.

Washegari gaskiya ta fito, ba a kashe kowa ba. Sai iskar ta juyo kaina. Mai babban shafin ya goge nasa, ya rubuta cewa wani ne ya yaudare shi, ya sa hoton shafina, ya ce a kai ƙarata. Mutanen da ba su taɓa jin muryar Inna ba suka yi ta dannawa. Na yi niyyar in yi bayani, sai na ce bari in gama lodin albasar nan tukuna. Kafin in gama, na buɗe waya na ga farin allo da rubutun Turanci.

Na kai wa abokina. Ya karanta, ya ajiye abin da yake gyarawa. Ya ce an rufe shafin, wai na saɓa ƙa'idar al'umma.

Na ce, "Wace al'umma?"

Ya ce, "Sarkin magana, da ka ƙara kalma ɗaya tak. Gero. Binnen gero. Ko kuɗi ake biya a kanta?"

Akwai wani ɗan akwati da aka ce mutum ya rubuta kokensa a ciki. Muka zauna mu biyu. Abokina yana da Turanci daidai na gyaran waya, amma ya juya ya juya, ya ce babu Turancin binne. Duk yadda ya rubuta sai ta fito kamar mun tona kabari. Ya yi dogon bayani a kan gero da ruwan farko da sungumi. Ya tura. Na aika a kawo mana shayi. Kafin shayin ya huce amsa ta dawo: an sake dubawa, hukunci na nan. Na ce wane ne wannan da ya karanta noman gero kaf kafin shayi ya huce? Ya ce ba kowa ba ne, inji ne. Na tambaye shi ofishinsu, in je da kaina, ni ba na tsoron ofis. Ya yi dariya, da ya ga fuskata sai ya daina.

Mutanen da suka kore mu daga ƙauye na ga fuskokinsu, na san muryarsu. Wannan kuwa babu wanda zan kalla. Tafiya ashirin da uku, da muryar Inna a cikinsu, da iyakar arewa, an rufe ƙofa a kansu, kuma ba a ce ga mai makulli ba.

Geron ya tsira, ruwa ya zo da wuri. Ban ji daɗinsa ba. Na koma shiru irin na Inna. Juma'a da la'asar sai in zauna bakin ƙofa ina kallon katangar maƙwabta. Na yi ƙoƙarin in rufe ido in yi tafiyar da kaina. Nakan kai rijiya, wani lokaci har rafi. Amma da na doshi arewacin gona sai wurin ya zama fari fat, kamar allon wayar.

Wata biyu a haka. Ran nan da hantsi ina saman wata mota mai zuwa Tsafe, ina jan igiya a kan buhunan masara, sai na ji an ce, "Kauce wa kwatar gidan liman."

Igiyar ta kuɓuce mini. Na tsaya a tsaye a saman mota, rana na dukana, tasha na ta hayaniya, amma duk sai ta yi nisa kamar ina jin ta daga cikin rijiya. Na ce shi ke nan, kaina ya taɓu. Sai na ji ta tana gaida matan bakin rijiya, ɗaya bayan ɗaya. Na sauko a hankali, kamar mai tsoron kada tsuntsu ya tashi. Daga cikin motar muryar ke fitowa. Direban ya kishingiɗa, ƙafa a kan taga, yana jiran fasinja, ga Inna na fita daga rediyonsa tsakanin waƙa da wa'azi.

Na ce ina ya samo wannan. Ya ce wani ya tura masa, shi ma wani ya tura masa. Ya ce tsohuwar nan ita ke raka shi hanya in ya zo wuraren da gaba ke faɗuwa. Na ce uwata ce. Ya tashi zaune, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai ne Wanga?"

Abokina ya ce abin ba mamaki. Mutanenmu ba su yarda da sabis ba, duk abin da suke so sai sun sauke shi cikin waya, don sun san gobe yana iya ɗaukewa. Ni kaɗai ne wawan da ya yarda. Sai muka ba direbobi saƙo, na hanyar Tsafe da na Bunguɗu: duk mai muryar tsohuwar nan ya kawo. Aka fara kawowa. Mai shayi ya kawo ta kasuwa. Wata Bafulatana mai tallar nono ta kwance bakin zane ta fiddo memori, ta ce ta rafi ce, a kwafa a maido mata abinta yanzu, ba ta barin sa ya kwana. Wani ya kawo guda da aka ɗora wa kiɗa a ƙasa, na karɓa haka nan. Muka tara goma sha huɗu. Ta iyaka ba ta ciki. Ba abin mamaki ba ne, wa zai ajiye lissafin itatuwan gonar wani?

Ashe akwai. Bayan an yi girbi wani direba ya ce mini surukarsa a 'Yankuzo tana da wata da ba ta bari kowa ya taɓa, kuma da ya kwatanta matar sai na gane ta. Maƙwabciyar gonarmu ce ta arewa. Ita da Inna sun yi shekara talatin suna gaisawa da baki, suna harara da ido.

Na tafi ranar kasuwa. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ta tsufa ƙwarai. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Ɗan nan, kai ne ka binne mutane goma sha ɗaya?" Na ce ni ne, Gwaggo. Ta yi dariya har da tari. Sannan ta ciro wata ƙaramar waya mai madannai daga ƙarƙashin filo ta kunna.

Inna ta fara daga kukar da aradu ta tsaga. Ta bi korama. Ta kai gindin marke. Na rufe ido, farin nan ya fara yayewa, ina ganin ciyawa, ina ganin sawun shanu. Ta ce, "Daga marken nan sai ka yi arewa, har ka kai..." Sai shiru. Na jira. Gwaggo ta ce iyakarta ke nan, sabis ya ɗauke lokacin da ake saukar mata.

Na ce, "Har ina, Gwaggo?"

Ta ce, "Har suri."

Ban san iyakar ba, amma na san surin, na kuma san muna noma bayansa. Na ce anya. Ta ce, "Ita ta tafi, ni ina nan. Da wa za ka yi gardama?" Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Kaji na ta kiwo a gabanmu. Ta sake kunna wayar, muka sake bin Inna daga kuka zuwa marke, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Sai na ga hannun tsohuwar ya daina motsi.

Ta ce kullum sai ta saurara. Ta ce duk duniya ba wanda ya rage da ya san gonarta sai wannan matar da ke cikin waya. Sannan ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Kunna taka, ka ɗauki maganata." Na kunna.

"Har ka kai dutsen nan mai kama da tunkiya kwance," in ji ta. "Kunya biyu bayan suri. Shekara talatin ina ce mata nawa ne. Nata ne."

Abokina ya haɗa muryoyin biyu wuri guda. In ka saurara za ka ji Inna ta kawo ka marke, sai ɗan shiru, sai abokiyar rigimarta ta karɓe ka ta ƙarasa da kai.

Shi ne kuma ya ce kada in sake buɗe wani shafi a can in zuba su. Ya ce akwai yadda mutum zai kama wurinsa na kansa a intanet, da sunan da ya ga dama, ba mai tara masa jama'a, ba kuma mai rufe masa ƙofa don an yi masa taron dangi. Sai dai duk shekara a sabunta, kamar yaɓen rumbu. Ya yi mako yana fama, yana tambayar waɗanda suka fi shi sani. Wurin da kuke karanta wannan ke nan. Ba shi da ado. Babu inda za ka ɗaga mini yatsa, wanda hakan ya yi wa aikin lodina amfani. Da ya tambaye ni sunan da za a sa, na ce Binne. Ya ce, "Ba ka daddara ba." Na ce a ƙara gero a ƙasa da ƙananan baƙaƙe.

Ban yarda da nan ɗin ma ɗari bisa ɗari ba. Na kwafe komai a memori uku. Ɗaya na wurin abokina, ɗaya na 'Yankuzo, ɗaya na cikin gwangwanin da nake ajiye irin geron ƙauyenmu.

Ba na jin haushin mai babban shafin yanzu. Ina jin har yau yana nan, mabiyansa sun ƙaru. Bai san gero ba, ni kuma ban faɗa ba. Abin da na koya kaɗan ne. In zan yi magana a gaban mutanen da ba su san ni ba, ina cika ta, ko da za ta ci mini kalma biyar. Abin da kuma ba zan iya rasawa ba, ba na barin sa a gidan da ban san mai shi ba, komai yawan mutanen da ke zaure.

Nan ba a cika zuwa ba. Abokina ya ce wata rana mutum uku, wata rana ba kowa. Takwas daga cikin tafiye-tafiyen ba su dawo ba, wataƙila suna cikin wayar wani a wani gari, Inna na raka shi kasuwa bai san ko wace ce ba. Gwaggo ma ta rasu bara. Ƙauyenmu har yanzu ba a koma ba.

Duk Juma'a da la'asar ina buɗe ta iyaka. In fito ƙofa, in wuce kuka, in bi korama, su biyu su kai ni har dutsen. Yana nan kwance kamar tunkiya, rana ta gasa bayansa, ba wanda ya matsar da shi. Nakan ɗan zauna a kai in dubi gabas. Na riga na rufe da diddige. Saura ruwa.